Shekarar da Muka Shuka Baba a Fadama

Aikin farko da aka sa ni a marinar Tambuwal ba rini ba ne, yasa ce. Karofin Kawu Bawa ya mutu, aka kwashe ruwansa, aka ɗaura mini igiya a ƙugu aka zura ni ciki da ƙwarya a hannu. Zurfin ramin ya kai gaba biyu da rabi. A ƙasa akwai laka baƙa mai wari, ita nake kwasa ina cika guga, Kawu yana ja. Da na fito na zaci zubar da ita za a yi. Sai ya sa na cuccura ta, na jera a rana, bayan ta bushe muka ƙone ta ta zama fari fat. Wannan shi ne katsi. Da shi ake tada sabon karofi, da shi kuma ake haɗa lason da ake shafe cikin ramin don kada ya sha ruwa. Na shekara biyu ina yasa, ina jan ruwa, ina tace toka, kafin a bar ni in taɓa zanen wani.

Na fara da wannan ne saboda ku samarin da kuke zama a gindin durumin bakin marina. Ina jin ku kuna cewa rini tsomawa ne da cirewa. Ban ga laifinku ba. Tun da garin shuni na gwangwani ya shigo kantuna, mutum yakan dafa ruwa a rabin ganga, ya zuba, ya gama kafin azahar. Ni rubutun boko a ajin yaƙi da jahilci na koye shi, da furfura a gemu, don haka ku yi haƙuri da hannuna. Abin da na sani kawai zan faɗa.

Sunana Labbo. Mu biyu ne maza wurin mahaifinmu, ni da wana Ummaru, a wata tunga tsakanin Kebbe da Fakku. Mahaifinmu manomin baba ne, wato ganyen nan da ake samun shuni daga gare shi. Shi ya raba mu aiki tun muna ƙanana: Yaya Ummaru ya tsaya gona, ni aka kai ni birni wurin Kawu Bawa, ƙanen mahaifiyarmu. Shekara talatin da 'yan kai, duk abin da na rina da baban Yaya na rina shi. Ya rasu a kakar bana. Allah ya jiƙansa.

Tada karofi ba ya son gaggawa. Ka cika shi da ruwa, ka zuba busasshen baba, ka bi da ruwan toka da katsi, ka rufe da murfin kaba. Kwana uku ba ka taɓa shi. Daga nan sai muciya, doguwar sandar da ake motsawa da ita, safe da yamma, a hankali, don karofi ba ya son a tura masa iska ciki. A kwana na bakwai, in Allah ya so, kumfa za ta taso mai launin makuba tana ƙyalli, ruwan ƙarƙashinta kuwa kore-kore mai ɗan rawaya. Ka tsoma farin ƙyalle ya fito kore, kana riƙe da shi a iska ya juye shuɗi a kan idonka. Kawu Bawa da harshe yake gwadawa. Ya ɗiga a kan harshensa, ya lumshe ido, ya ce, “Yunwa shika ji, ƙara mai baba,” ko kuwa, “Toka ta yi mai yawa, bar shi shi huta.” Da sanyi karofi yana nawa, da zafi yana saurin nuna yana kuma saurin mutuwa. Abu ne mai rai. Amma duk iyawarka, ba za ka fitar da launin da ba ya cikin ganyen ba. Wannan ban gane shi a marina ba, a gonar Yaya na gane shi, kuma a makare.

Gonar tana kan tudu ne, jar ƙasa mai tsakuwa, inda ko gero ba ya jin daɗi. Baban wurin ba ya wuce ƙugu, ganyensa ƙanana ne masu kauri. A gindin tudun akwai ɗan tafki, daga nan kuma fadama ta shimfiɗu har gulbi. Wata shekara baba ya yanke mini, na hau jaki na je in gaggauta shi. Na tarar da shi zaune bakin tafkin, ga lauje a gefe ko wasa shi bai yi ba.

Na ce, “Yaya, karofina biyu na jiran ka, kai kana nan kana kallon kwaɗi?”

Ya ce, “Ba kwaɗi nika kallo ba. Zamna.”

Ya nuna mini gansakuka, koren abin nan da ke rufe fuskar ruwa. Ya ce da marka, lokacin da hadari ya rufe sama ruwa kuma ya yi yawa, yaɗuwa take yi kamar hauka, kwana biyu ta cinye tafkin, amma kore ce shar, ka matse ta ruwa ne zalla. In ruwa ya ɗauke, tafki ya fara ja da baya, rana ta samu ta doke ta, sai ta daina yaɗuwa ta fara yin ja daga gefe, kamar tsatsar tsohuwar fartanya.

Ya ce, “Ranar da ta yi ja, baba ma ya sha ranar da shika so. Rana guda ka dukan su, su biyun. Ni ban iya duba cikin ganye ba, amma ina iya duba tafki.”

Na ce, “To in ta ƙi yin ja fa?”

Ya ce, “Sai ka koma birni ka rina farin zane da haƙuri.”

Na kwana huɗu ina jira. Ran na biyar gefen tafkin ya yi ja, furen baban kuma ya fara buɗewa. Ya yanke shi da hantsi bayan raɓa ta bushe. Yana da wani farin tsumma da ba ya rabuwa da aljihunsa. Ya murje ganye a kai, ya shanya a tafin hannu, kafin mu isa gida wurin ya zama shuɗi. Wannan ne gwajinsa. Matarsa Hauwa da sauran matan gidan suka daka ganyen, suka cuccura, aka shanya a inuwa. Karofin da na tada da shi ya yi wata biyu yana aiki.

Shekarar samun mulkin kai, tun bazara magana ta cika gari cewa za a yi biki a ƙarshen damina. Kowa yana son sabon abu. Fatake suna kawo rawuna a ɗaure, masaƙa suna kawo saƙi, mata suna aiko da zannuwa. Kawu Bawa ya riga ya rasu, karofinsa huɗu suna hannuna. Na duba aikin da ke zuwa, na duba abin da tudu ke bayarwa, na ga ko rabi ba zai isa ba. Ga shi kuma in aka jira tafki ya yi ja, biki ya wuce. Sai na tafi tunga kafin ruwan farko.

Na ce, “Yaya, bana fadama za mu kai shi. Ƙasar can baƙa ce, ga laima. Shi tashi da wuri, mu yanke da wuri.”

Ya daɗe yana gyara ƙotar fartanya. Sannan ya ce, “Tsohonmu bai taɓa kai shi can ba.”

Na ce, “Tsohonmu bai taɓa ganin shekara irin wagga ba.”

Ya ce, “Shina girma, wannan ba ni musu. Girma dai.”

Na matsa masa. Na ce masa mutanen Dogon Daji da na Tambuwal sun san karofinmu, in muka mayar da su bana, wani za su sani. Na ce kada ya raba irin biyu, ya kai shi duka, don rabin aiki ba zai fishe ni ba. A gidanmu ƙane ba ya yi wa wa umarni, amma na zauna birni, na iya magana, shi kuwa bai iya ja-in-ja ba. Daga ƙarshe ya ce, “To. Kai ka ganin mutane, ni haki nika gani. An kai.”

Da na koma tsakiyar marka, ban taɓa ganin baba irin wannan ba. Ya kai mini kafaɗa, ganyensa manya, kore shar, mutum ya shiga ciki sai hularsa ake gani. Na riƙa yawo a ciki ina dariya. Yaya ya tsinko ganye, ya fito da tsummansa, ya murza, ya shanya a tafi. Muka tsaya. Aka jima, aka ƙara jimawa, tsumman kore ne kamar an goge miyar kuka. Na waiwaya wajen tafki, gansakuka ta rufe shi baki da baki, ko ɗigon ja babu.

Na ce, “Yawa na rama shi. In na saba zuba kwando uku, in zuba shida.”

Ya ninke tsumman ya mayar aljihu, ya ɗauki lauje. Muka yanke shi tun bai yi fure ba. Rana ba ta fito sosai ba, curin ya daɗe bai bushe ba, wasu ma suka yi fumfuna. Jaki shida suka kai shi Tambuwal, mutanen marina suna fitowa kallo.

Karofi huɗu na tada rana ɗaya. A kwana na bakwai kumfa ta taso, amma fara-fara ce, ba ƙyalli. Na ɗanɗana, na ji salaf. Na ƙara baba, na ƙara kwana. Zanen farko da na tsoma na wata Bafillatana ce mai sayar da nono, Adama, wadda ta shekara goma tana kawo mini aiki. Na tsoma shi sau shida, ya fito kamar sararin sama da rani. Ta zo karɓa da ƙwaryarta a ka, ta ɗaga zanen da yatsa biyu.

Ta ce, “Labbo, wanga rini ne ko wanki?”

Na ce, “Bai bushe ba tukuna.”

Ta ce, “Kai dai ka ƙara ma shuninka ruwa. Ni za a gaya ma? Na san abin da anka ƙara ma ruwa tun daga nesa.”

Wani marini daga gefe ya ce, “Ai dole ki sani, Adama, sana'arki ta!”

Ta ce, “Ni ko na ƙara, ba ni ƙarawa har a ga gindin ƙwarya.”

Aka yi dariya, ni ma na yi. Ta naɗe zanenta ta tafi, ba ta sake kawo mini aiki ba sai bayan shekara uku. Haka aka yi bikin, rawunan da na rina suna yawo a gari kamar an wanke su sau ashirin, kowa kuma ya san daga karofin da suka fito. Wannan duka da sauƙi, don zane in ya yi fari ana iya sake rina shi baɗi. Abin da ba shi da sauƙi rigar Malam Sidi ce.

Malam Sidi mai makarantar allo ne a Dogon Daji, mutum mai ƙaramar murya. Ya kawo rigar da kansa, a naɗe cikin buzu, ba don biki ba. Ɗansa na fari zai yi saukar Alƙur'ani bayan an gama kaka, yana so ya sa ta ranar. Rigar saƙi ce, zarenta siriri kamar gashi. Ya gaya mini mahaifiyarsa ce ta kaɗa zaren da mazari a shekarunta na ƙarshe, lokacin idonta ya tafi, da yatsa take ji. Bayan rasuwarta ya ba masaƙi, ya ajiye rigar fara a adaka shekara da shekaru. Ya ce, “Baƙa nika so, irin wadda kaka yi. Ba ni da wata, kuma ba a sake wagga.”

Da ina da hankali, da na ajiye ta gefe. Amma na tsoma ta tare da aikin biki, ta fito fara-fara. Sai na yi abin da Kawu Bawa ya hana ni tun ina yaro: na ƙara wa karofin ruwan toka mai ƙarfi don in tilasta shi. Na sake tsoma ta. Hannuna ya fara zafi tsakanin yatsu, na san na yi ɓarna. Na fizgo ta, na ruga rijiya, na ɗauraye ta ruwa bakwai. Da ta bushe ta yi dabbare-dabbare, wani wuri shuɗi, wani wuri toka-toka. Na ja zare ɗaya a bakin ƙasa, ya tsinke ba tare da na sa ƙarfi ba. Toka ta fara cin ta. In aka ƙara tsomawa ɗaya a wannan ruwan, sai dai a kwashe ta da ƙwarya.

Na zaga marina ina neman baba mai kyau. Babu. Kowa ya yanke da wuri saboda biki, karofin da ke da ƙarfi kuma aikin biki ya gajiyar da su. Wani ya ce in sayi na gwangwani, wa zai sani? Na je kantin, na ɗauki gwangwanin, na juya shi a hannu. Shi dafa shi ake yi da wani farin gari mai cin hannu, zaren da ya riga ya raunana ba zai ɗauka ba. Na mayar.

Ran kasuwa Malam Sidi ya zo. Na shimfiɗa masa rigar a kan tabarma, na faɗa masa abin da na yi, ban rage ba. Ya shafa ta da bayan hannu, ya daɗe.

Ya ce, “In ba ta rinuwa, ba ni ita haka nan. Ina sa ta ko yaya take. Kada dai ta ruɓe, Labbo. Hannun Inna na cikinta.”

Na ce ya ba ni kwana ashirin. Ya ce saura kwana ashirin da biyar.

Washegari na kama hanyar tunga. Ban san abin da zan samu ba, na dai san ba ni da wani wurin zuwa. Na kwana Kebbe, na isa da hantsi. Hauwa ta ce yana tudu. Na yi mamaki, don a sanina bana ba a shuka komai a tudu ba. Da na zo wucewa ta tafki na ga ruwan ya ja baya, gefensa ya yi ja zagaye, kamar an zuba garin jar kanwa. Na hau. A can bayan duwatsu, wuri bai fi filin sallar mutum ashirin ba, ga Yaya a sunkuye da lauje, ga baba gajere, mai ƙananan ganye, furensa ya fara buɗewa.

Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi jaki. Sannan na ce, “Yaya, ashe ba ka kai irin duka ba.”

Ya ce, “Na kai duka, yadda kac ce. Wanga ban shuka shi ba. Gyauro ne, kututturan bara sunka tofo da kansu. Na ji kunyar in bar su cikin haki, shi ne nika zuwa ina ɗan nome su.”

Ya murje ganye a tsummansa ya miƙo mini in riƙe. Na fara ba shi labarin rigar. Kafin in kai inda na ƙara toka, tsumman ya yi shuɗi a tafina, shuɗi mai duhu. Na jira ya faɗi abin da kowa zai faɗa. Sai ya ce, “Ka ci abinci kuwa? Kama can gefen, amma ka bar man layin ga na bakin dutse. Na fadama mun yanke shi bai yi ɗiya ba. In munka yanke wanga duka, baɗi ba mu da iri.”

Sai lokacin na gane ba rigar Malam kaɗai na kusa kashewa ba. Irin da mahaifinmu ya gada ya rage a layi ɗaya.

Da aka daka aka shanya, abin da ya fito kwando biyu ne, ba zai tada karofi ba ko ƙarami. Hauwa ce ta ce a tada shi a randa, yadda mata ke yi a cikin gida. Ta kuma jiƙa ɗan ganyen da ta ware, ta buga ruwan, ta tace, ta cura mini shuni kamar ƙwan zabo guda uku don bugu, wanda ake buga wa riga ta yi ƙyalli. Yaya ya ce zai raka ni. Bai taɓa kwana uku a Tambuwal ba sai wannan karon.

Na kafa randar a bakin marina, na binne ta rabi a ƙasa don ta riƙe ɗumi. Marina suka samu abin yi. “Labbo, kunu za a dama?” “A'a, ku bar shi, ya koma sana'ar gwaggo.” Yaya yana zaune kan dutse da hularsa ta kaba yana murmushi, kamar da wani ake. Toka kaɗan na sa, mai sanyi, ta karan gero. Shi ya karɓi motsawa, da ƙaramar sanda, safe da yamma. A kwana na shida kumfa ta taso, makuba mai ƙyalli, irin wadda ban gani ba tun bara. Masu dariya suka zo suna leƙawa, wani ya tsoma yatsa ya ɗanɗana ya koma bakin karofinsa.

Rigar ba a matse ta ba ko sau ɗaya. Mu biyu muke riƙe ta, ni wuya shi ƙasa, mu zura ta a hankali, mu ƙirga numfashi kaɗan, mu ɗago, mu shimfiɗa a inuwa ta sha iska. Sai randar ta huta rabin yini kafin mu sake. Kwana biyar muna haka. Dabbaren ya ɓace a rana ta uku. A ta biyar ta yi baƙi, irin baƙin da in rana ta taɓa shi yake nuna ja-ja. Na kai ta wurin mabuga tare da shunin Hauwa, na tsaya a kansu ina roƙon su sassauta hannu, har babbansu ya ce in fita in ba su wuri ko in karɓi gudumar.

Malam Sidi ya zo saura kwana biyu. Ya ɗaga ta, ya duba bakin ƙasa inda na ja zaren, ya kai ta hanci ya shinshina. Ya yi godiya. Sannan ya yi tambayar da ba wanda ya taɓa yi mini a shekara talatin: “Wa ya noma baban?” Na nuna masa Yaya, yana can yana ɗaure wa jaki mangala. Malam ya taka har wurin, ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya yi masa addu'a doguwa. Yaya bai san inda zai sa idonsa ba. Da Malam ya tafi ya ce mini, “Mutumen ga na da kirki. Mi ya sa shika gode man? Ai ni haki kawai na cire.”

Karofi biyu na rufe a shekarar, ban sake buɗe su ba. Sai da muka yi damina uku kafin irin ya cika tudu kamar da. Ban ƙara cewa a yanke ba. Nakan jira jaki ya iso, in san tafki ya yi ja.

Bana Yaya ne ya rako kayan da kansa, da zazzaɓi a jikinsa. Na ce ya kwanta a gidana sai ya ji sauƙi. Na tada karofi da abin da ya kawo, kullum in na dawo sai ya tambaye ni kumfa. Ran na takwas, ranar kasuwa ce, na ce masa ta taso. Ya ce, “To, madalla.” Na tafi marina, na yi tsomawar farko, hannuna yana ciki har gwiwar hannu aka zo aka kira ni, aka ce Yaya ya cika.

Na wanke hannu da yashi da sabulu, amma sabon rini ba ya fita rana ɗaya. Labari ya shiga kasuwa, mutane suka taru. Malam Sidi ya zo cin kasuwa ya ji, ya iso da rigar nan a jikinsa. Ta shekara biyar, wuyanta ya fara sulɓi, baƙin yana nan. Shi aka ba ya yi sallar. A maƙabarta, da aka zo sa shi a kabari, na ja baya na ɓoye hannuwana, don likkafani fari ne. Malam ya dube ni ya ce, “Labbo, kama ɗan'uwanka.” Na kama ta wajen kafaɗa. Da na saki, ga shaidar babban yatsana a kan farin, shuɗi. Wani dattijo ya jiƙa bakin rawaninsa zai goge. Malam ya tare hannunsa ya ce, “Ku bar shi. Shi ya noma shi.”

Karofin nan yana da sauran rai kamar kwana ashirin. Ina motsa shi safe da yamma, ba na ba shi aiki mai yawa. Hauwa ta aiko mini da irin a cikin gora, ta ce in riƙe har da tsumman, don 'ya'yansu mata ne kuma duk suna gidajensu. Gorar tana rataye a zaurena. Ni gwiwata ba ta hawa tudu yanzu. In a cikinku akwai mai son koyon rini da gaske, kada ya fara zuwa marina. Ya zo zaure kafin ruwan farko, in ba shi gorar, in gaya masa inda tafkin yake.